Shekarar da Maiɗakina Ta Kori Ungulaye

Ni mahauci ne, ɗan mahauci, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. A bayan gidanmu da ke gefen garin Garwa akwai 'yar kwata da mahaifina ya bar mini, daɓen siminti ne da magudanar ruwa da ƙugiyoyin rataye nama, a nan nake yanka awaki da tumaki kowace safiya. Shanu sai babbar mayanka ta gari, ba ruwana da su. A ƙofar gidan kuwa akwai wani tsohon maɗaci da ya girmi duk wani gini a unguwar, kuma a kansa ungulaye suke kwana tun kafin a haife ni.

Ga yadda muke aiki, kuma haka na tarar ana yi. In an yanka an feɗe, an wanke tumbi da hanji, sai a tara abin da ba ya sayuwa a cikin daro: dattin ciki, guntayen hanji, gudajin jini, jijiyoyi, da duk wani abin da ko kyauta ba wanda zai karɓa. A ɗauki daron a je fili bayan kwata a watsar. Kafin in gama wanke wuƙaƙena sun sauko. Za ka gan su da sanƙon kansu suna tafe suna ɗingishi kamar tsofaffi masu ciwon gwiwa, suna ture juna, wannan ya ja hanji ta nan, wancan ya ja ta can. Kafin hantsi ya ɗaga, wurin ya koma fes, sai dai ɗan danshin ƙasa da rana za ta busar. Ba mu taɓa haƙa rami ba, ba mu taɓa ƙona shara ba, kuma ba mu taɓa tunanin wani ne yake yi mana aikin ba. A ganinmu haka Allah Ya yi duniya, ka zubar, ya ɓace.

Maiɗakina 'yar Marwa ce, daga unguwar Dugoi, kuma ba ta bari ka manta da haka. In ta ga abin da bai yi mata ba a Garwa, sai ta ce a garinsu ba a haka. Mace ce mai tsabtar da har takan gajiyar da mutum. Tukunyarta in ta goge da toka kana iya ganin fuskarka. Da yaranmu suka tasa, sai ta ce ba za ta zauna tana kallon kayan ciki da ƙafafu suna fita daga gidan da arha ba, ita ma za ta yi sana'a. Ta kafa rumfa a inuwar maɗacin nan, ta jera bencina, ta fara farfesun kayan ciki da na kai da ƙafa. Ba don matata ba ce, amma wallahi romon nan in ka sha sai gumi ya keto maka, ka ce a ƙara. Nan da nan 'yan moto, wato masu acaɓa, suka gano wurin, direbobi suka biyo su, daga baya har ma'aikatan ofis masu takalma masu sheƙi. Kowa yana kiranta Dada, wato uwa da Fulatanci. Rumfar nan ita ce abin alfaharinta a duniya. Takan ce ko yaranta ba ta sha wahalarsu kamar yadda ta sha ta rumfar ba.

Abin ya faru ne wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wani babban mutum ya zo da farar shadda sabuwa dal, ya zauna, aka zuba masa romo, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla. Wata ungulu da ta ƙoshi tana hutawa a reshe daidai kansa ta saki abin da ta saki. Rabi a kafaɗarsa, rabi a cikin kwano. Kowa ya zuba masa ido. Sai wani ɗan moto mara kunya ya ce, "Alhaji, yau ka samu ƙarin yaji kyauta." Shi ke nan, bencina suka kece da dariya, har da masu riƙe ciki. Ni kaina sai da na shige zaure na toshe baki da hula. Mutumin ya tashi ya shiga motarsa, kuma bai sake dawowa ba.

Kafin mako ya zagayo, 'yan moto sun raɗa wa rumfar suna. In sun haɗu a tasha sai ka ji, "Mu je Restoran Dutal." Dutal kuwa ungulu ce da Fulatanci. Ranar da sunan ya iso kunnen maiɗakina ta shigo cikin gida ta zauna a kan turmi ta yi kuka, kuka na gaske. Na tausaya mata ƙwarai, don na san abin da ta zuba a wurin nan. Da ta share hawaye ta dube ni ta ce, "Maigida, ko ni ko su."

Na ce, "Haba Hajiya, su fa na tarar a gidan, ke ce kika zo daga baya."

Kallon da ta yi mini ya sa na gane ba lokacin wasa ba ne.

Da farko ta so a sare maɗacin, amma dattawan unguwa suka ce ba za a taɓa shi ba, a ƙarƙashinsa ake sallar gawa. Sai ta sauya dabara. Ta lura cewa da la'asar sakaliya ungulayen suke dawowa su kama reshen kwana. Ta tara matan unguwa, kowace da abin da ta samu, wannan da tsohuwar tasa da ludayi, waccan da murfin tukunya biyu, wata da taɓarya tana dukan tsohon duro. Da zarar tsuntsayen sun fara shawagi za su sauka, sai a fara. Ban taɓa jin hayaniya irin wannan ba, ko a bikin 'yar mai kuɗi. Aka rataya gwangwanaye a rassa da igiya ana jijjigawa. Aka hura wuta a gindin itacen ana zuba busasshen barkono, har liman ya ja sallar magariba yana atishawa. Kwanakin farko ungulayen ko a jikinsu, su tashi su yi zagaye su dawo. Amma maiɗakina ba ta san gajiya ba. Kullum yamma tana nan da zani ɗaure a ƙugu. Da safe ma ta sa aka riƙa jifansu in sun sauko filin bayan kwata. A hankali suka fara raguwa, har wata yamma muka ɗaga kai muka ga rassa wayam.

Ta yi murna kamar an ba ta kujerar Makka. Ta dafa farfesu ta raba wa matan da suka taya ta. Ta sa aka wanke bencina da sabulu, ta sayi sabuwar leda mai furanni ta shimfiɗa a tebur. Gaskiya wurin ya yi kyau. Ni ma na yaba, don ban ga abin da zai biyo baya ba, kuma ba wanda ya gani a cikinmu.

Na ci gaba da watsar da darona a inda na saba. Abin mamaki, washegari in je in tarar da na jiya yana nan, ya kumbura, ya yi baƙi. Zafin Garwa kuwa ba ya jira, abin da ka zubar da safe kafin azahar ya fara magana. Sai ƙudaje suka zo, ba irin ƙananan na gida ba, manya masu koren baya da ƙugi kamar injin niƙa. Suka fara daga fili, suka matso kwata, suka tsallake katanga, suka gano rumfar Dada. Mutum yana cin nama da hannun dama yana kore su da na hagu. Bayan su sai karnuka. Da can ba ka ganin kare a wurin, don in ya zo ba ya samun komai. Yanzu suka riƙa zuwa garke guda, suna faɗa, suna jan hanji har ƙofar masallaci. Wani kare ya bi wata tsohuwa har ta yar da kwanon awonta. Hankaki da shirwa su ma suka samu fili, su kuma ba su da kawaici irin na ungulu. Ungulu tana jira ka zubar mata, shirwa kuwa daga kan faranti take sura. Da idona na ga ta ɗauke ƙashin ƙafa daga hannun wani direba, ya bi ta da kallo baki buɗe.

Na haƙa rami na fara binnewa. Karnuka suka tone. Na zurfafa, na ɗora duwatsu, sai gafiyoyi da ɓeraye suka yi hanya ta ƙarƙashi, suka yi ƙiba, suka hayayyafa, suka shiga ɗakin ajiyarmu suna cin albasa da shinkafa. Rannan maiɗakina ta ɗaga buhun gawayi ta tarar da maciji ya naɗe yana hutawa, ya biyo ɓerayen. Ihun da ta yi na tabbata an ji shi a bakin kogin Binuwai.

Duk da haka ba ta yarda cewa abin yana da alaƙa da ungulaye ba. Ta ce shekarar ce ta zo da ƙuda. Ta ce ni ne ban iya haƙa rami ba, a Marwa ramin mahauta ya fi haka zurfi.

Sai Babbar Sallah ta zo, a farkon damina, lokacin da zafi da danshi suke haɗuwa. A unguwarmu al'ada ce, kowane gida in ya yanka ragon layya, sai a kwaso dattin ciki da sauran tarkace a kawo filin bayan kwatarmu a zubar. Haka iyayenmu suka yi, haka muka tarar, kuma ko yaushe kafin la'asar babu komai. Wannan shekarar ma kowa ya yi abin da ya saba. Gida bayan gida, daro bayan daro. Ba wanda ya tsaya ya ɗaga kai ya duba sama. Da yamma aka yi ɗan yayyafi, washegari rana ta buɗe. Ba zan bayyana warin ba, don wataƙila mai karatu yana cin abinci. Abin da zan ce shi ne, mun yi yawon Sallah da hanci a toshe, baƙin da suka zo gaisuwa suna tsayawa daga bakin ƙofa su ce sauri suke yi.

Bayan Sallah rumfar ta zama kango. Tukunya tana tafasa, bencina babu kowa. Ana cikin haka wata ma'aikaciyar duba-gari ta zo daga meri, wato ofishin magajin gari, da ƙyalle a hancinta. Mace mai mutunci, ba ta yi mana tsawa ba. Ta zagaya ta duba, ta ce, "Madam, tukwanenki ba su da laifi, amma wurin nan ba wurin cin abinci ba ne yanzu. In na dawo na tarar da shi haka, dole in rufe." Maiɗakina, wadda ba a taɓa ce mata ƙazama ba tun da aka haife ta, ta ajiye ludayi ta shige cikin gida. Ranar na ji tsoro, don na ga abin yana neman karya mata zuciya.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, wani ɗan kasuwa Kirista daga duwatsun Mokolo, mai kawo dankali da tafarnuwa kasuwar Garwa. Shi in ya sauke kaya sai ya sha romon Dada ko da sama za ta faɗo. Ni yana kirana Sarkin Fawa don tsokana. Rannan yana ci yana kore ƙuda, sai ya ɗaga kai ya dubi maɗacin ya ce, "Sarkin Fawa, ina mutanenka na sama?"

Na ce, "Tambayi Dada."

Ta ce, "Na kore su, kuma ban yi nadama ba."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa ya ce, yana ɗan sirka Faransanci kamar yadda ya saba, "Dada, kar ki ji haushi, mu ma mun yi irin wannan. A ƙauyenmu mujiya tana kwana a kogon dutse kusa da rumbuna. Aka ce tsuntsuwar mayu ce, in ta yi kuka wani zai mutu. Bon, muka tashi muka toshe kogunan, muka kashe waɗanda muka samu. Shekarar ba wanda ya mutu, gaskiya ne, amma ɓera ya cinye mana gero har iri. Ashe ita take cinye su muna barci. Wala, yanzu in mujiya ta yi kuka, babata tana cewa sannu da aiki."

Maiɗakina ta ɗauki ludayi. Ta ƙara masa romo ba tare da ya roƙa ba, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Ni dai maganar ta zauna mini. Na riƙa tunanin yadda abin ya bi layi: mun cire abu ɗaya, ƙuda ya shigo, kare ya biyo shi, ɓera ya biyo, maciji ya biyo ɓera. Ashe abincin da muke zubarwa dole wani ya ci shi, zaɓin da muke da shi kawai shi ne wa zai ci. Shekara da shekaru muna zaune da wanda ya fi kowa saurin cinyewa, kuma ba ya cizo, ba ya sata, ba ya shiga ɗaki. Laifinsa ɗaya, muni, sai kuma rashin sanin darajar shadda. Shi ma wannan in an bi gaskiya, mu ne muka kai masa bencina ƙarƙashin ɗakin kwanansa.

Da asuba bayan na dawo daga masallaci na tarar da ita a tsakar gida tana kwance igiyar gwangwanayen da ta sa aka sauko da su. Ba ta dube ni ba ta ce, "Maigida, ina suka koma ne?"

Na ce, "Su wa?"

Ta ce, "Kar ka sa in faɗa."

Na san inda suke, don nakan gan su can wajen babbar mayanka. Amma ungulu ba akuya ba ce da za ka je ka jawo ta da igiya. Abin da muka iya shi ne mu gyara wuri mu jira. Maza suka taru muka kwashe abin da ya ruɓe muka ƙone. Muka ɗauke rumfar daga gindin maɗaci muka mayar da ita ɗaya gefen gidan, muka yi mata rufin zana mai kauri. Maiɗakina ta bi gida gida tana roƙon matan da ta tara da kanta, kada wanda ya yi daka ko buga tasa kusa da itacen da yamma. Wata ta ce mata, "Dada, jiya ki ce mu buga, yau ki ce mu yi shiru, gobe kuma rawa za mu yi musu?" Ta haɗiye, ta ce in rawar za ta dawo da su, ita za ta fara.

Kowace safiya na riƙa zuba sabon tarkace kaɗan a tsakiyar fili, inda za a hango daga sama, in tsaya da sanda ina korar karnuka. Kwana da kwanaki sai hankaki. Ita kuwa ta samu wani sabon aiki, wanke tukunya a bayan gida, daidai inda ake hango filin. Tukunya ɗaya sai ta wanke ta har sau nawa, ido yana sama.

Wata safiya inuwa ta gifta ta kanmu. Guda ɗaya ce. Ta yi zagaye, ta yi zagaye, ta sauka can nesa, ta tsaya tana kallonmu da wuya a lanƙwashe. Maiɗakina ta damƙe hannuna har farcenta ya shige, ta raɗa mini, "Kar ka motsa, kar ka yi tari." Muka tsaya kamar gumaka, mu biyu, tsofaffi da jikoki, muna jiran ungulu ta yafe mana. Ta matso, ta ja hanji, ta haɗiye. Kafin ta gama wasu biyu sun sauko. Na juya na ga matata tana dariya hawaye yana zuba.

Ba su dawo da yawan da suke da shi da ba, har yau kuwa. Amma waɗanda suka dawo sun isa aikin. Ƙudaje suka ragu, karnuka suka koma inda suka fito, ɓerayen da suka rasa abinci suka watse. Da ma'aikaciyar duba-gari ta dawo, ta zagaya, ta cire ƙyallen hancinta, ta zauna ta sha kwano guda ta ce a zuba mata wani a kula ta kai gida. 'Yan moto suka dawo da surutunsu, direbobi suka dawo, masu takalma masu sheƙi su ma suka lallaɓo.

Bayan damina wani baƙo ya zo da jaka a rataye, ya ci farfesu ya yaba, sannan ya matso kusa da maiɗakina ya rage murya. Ina zaure ina wasa wuƙa, ina jin su. Ya ce ya ji labarin irin wahalar da tsuntsayen nan suka ba ta. Shi yana iya raba ta da su gaba ɗaya cikin safiya guda. Ɗan magani ne zai barbaɗa a kan tumbi, su ci su zube, shi ya kwashe kawunan, akwai masu nema a ƙetare don haɗa asiri. Har ma zai ba ta wani abu na goro.

Abin da na ji shi ne ƙarar benci ya faɗi. Na leƙo na ga baƙon ya runtuma a guje, jaka tana dukan bayansa, Dada tana biye da muciya a sama, ɗankwali ya zame, tana zaginsa da Hausa tana ƙarasawa da Fulatanci. 'Yan moto suna tafi suna busa hon. Ta raka shi har bakin kwalta, sai da ya haye bayan wata moto ba tare da ya tambayi kuɗi ba.

Ta dawo tana haki, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Ta tsaya gindin maɗacin ta ɗaga kai, ta daɗe tana duba rassan ɗaya bayan ɗaya, sai da ta tabbatar suna nan. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Maigida, daga yau kai da kanka za ka riƙa kai musu daro, kar ka ba kowa, kuma ka tsaya a wurin sai sun gama ci."

Na ce, "To, Hajiya."

Ta ce, "Gobe kuma ka haɗa musu da hanta."